Ku Bar wa Inna Saniyarta

Yaya Kabiru,

Ina gaisuwa. Yaya Inna da mutanen Zango? Ni ƙalau, sanyin Turai ne kawai ya tsattsaga min yatsu, amma karatun likitancin dabbobi na tafiya.

Na ji za ku sayar da saniyar Inna, wai ba ta ɗauki ciki ba bayan likitan dabbobin nan na Daura ya ɗura mata daskararren maniyyin bijimi. Wai likita! Mai ɗibar maniyyi a tsakiyar bazara, bijimi na haki? A ɗakin gwajinmu, in an narkar da irin wannan, rabinsa ko motsi ba ya yi. Na lokacin sanyi za ku nema.

In dole sai an ja wani kasuwa, likitan za ku ɗaura wa igiya.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya.

Ƙaninka,
Yazid