Hannun Hagu na Suwaitar Baba

Launceston, 4 ga Yuli, 1994

Ƙanwata Raelene,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da mijinki Trevor kuna lafiya. Mu nan sanyi ya sa mu gaba. Baba ma tun da ya dawo gidana bai rabu da gindin murhu ba.

Ki karanta wannan sau biyu, don na san halinki. Na ɗauko koriyar suwaitar nan da Mama take saƙa wa Baba kafin ta rasu. Gaba da baya da hannun dama duk ta gama, saura hannun hagu, zare kuwa ya ƙare. A asibiti ta ce da ni, "Glenys, ki ƙarasa masa, ya sa ranar da zai cika tamanin." Ashirin ga Agusta ke nan.

Matar da ta rina zaren, Misis Pryor, tana kafa rumfa a bajekolin ulu na garinku. Ga guntun zaren a ambulan, ga takardarsa. Dubi lambar da kyau: tukunya ta 14. Dunƙule biyu nake so daga wannan tukunyar, ba wata ba. Ki fita da shi waje ki gwada a hasken rana. Ban da tsayawa surutu.

Yayarki,
Glenys

Bendigo, 18 ga Yuli

Yaya Glenys,

Ina gaishe ki, a gaishe min da Baba da kyau. Sau uku na karanta, ranki ya daɗe.

Kai, bana bajekoli ya cika ya batse! Ruwa tun safe, jama'a ba masaka tsinke, raguna na ta kuka a rumfar gefe. Da ƙyar na kutsa wajen Misis Pryor. Ina miƙa mata takardar ta fashe da dariya.

"Ta 14? 'Yar nan, ai wannan ta yi shekara biyu da ƙarewa. Tukunyar rini ba ta haihuwar tagwaye."

Na ce, "Ki rufa min asiri, yayata ɗanya za ta cinye ni."

Ta ce, "To ga ta 22. Sunan launin ɗaya, hannun da ya rina ɗaya. Sauran kuma sai sa'a."

Na kara shi da guntun a ƙarƙashin fitilar rumfar, na rantse ko Mama ba za ta bambance ba. Waje dai ban fita ba. Wace rana zan gani a wannan ruwa?

Tunda na riga na je, na sayo zare ruwan hoda na hular jikata, da toka-toka na safar Trevor, da wani ja da ban san abin da zan yi da shi ba tukuna. A bayan mota na ɓoye su, kada ki tona ni. Naki yana cikin ƙunshin nan.

Taki har kullum,
Raelene

Launceston, 30 ga Yuli

Raelene,

Ina gaisuwa, ko da yake raina a ɓace yake.

Abu ɗaya tak na roƙe ki. Kwana shida ina saƙa hannun nan a falo har yatsuna suka ƙage. Na ɗinka shi, na wanke, yau da safe na shanya a waje. Tun daga bakin ƙofa ake gani! Jikin riga kore mai duhu irin na ganyen itacen turare, hannun hagu kuwa kore shar kamar sabuwar ciyawa. Kin sami lokacin hula da safa, amma taku goma zuwa ƙofa ya gagare ki.

Kin san Mama. Sau bakwai tana cin gasar saƙa. Ke kanki ta taɓa warware miki gyale guda saboda ƙulli ɗaya da kika tsallake. Matan ƙungiyarta ta saƙa duk za su zo bikin Baba, kuma ba zan bari a ce wannan abin kunya aikinta ne ba.

Na yanke shawara. Zan warware rigar gaba ɗaya, in sake saƙawa ina sirka tsohon zare da sabo, layi biyu-biyu, har bambancin ya ɓace. Littafin da Mama take rubuta lissafin saƙarta yana wajenki. Ki aiko shi gobe-goben nan, sati uku ya rage.

Glenys

Bendigo, 5 ga Agusta

Yaya,

Ina gaishe ki, ko ba za ki amsa ba.

Laifina ne, na ɗauka. Amma littafi ba zan aiko ba, ki yi duk abin da za ki yi. In kika warware, suwaitar Glenys zai sa, ba ta Mama ba. Ƙullin nan da kike son zarewa shi ne na ƙarshe da yatsunta suka taɓa.

Kina ganin daɗi na je ji? Shekara talatin ban taɓa shiga bajekolin nan ba sai da ita. Na yi ta saye-saye ne don kada in tsaya cak a tsakiyar mutane, da na koma mota kuma sai da na yi kuka ya ishe ni. Ke kin iya saƙa kamar ta, kin kuma gaji taurin kanta. Don Allah ki ajiye almakashi.

Ƙanwarki,
Raelene

Launceston, 11 ga Agusta

'Yata Raelene,

Ina gaishe ki da Trevor. Rubutu ba sana'ata ba ce, ki yi haƙuri da karkacewar layi.

Na tarar da yayarki ta ɗora rigar a cinya, almakashi a hannu. Na karɓe na sa. Yau kwana uku ban cire ba, ita kuwa sai kumbure-kumbure take yi.

Shekara arba'in ina aske tumaki, ku kuna zaton ban san ulu biyu ba? Tun a igiyar shanya na gani, kuma haka nake so. In na dubi kafaɗata ta hagu, na san daidai inda uwarku ta tsaya, da inda ku kuka ɗauka.

Ki zo ranar ashirin ki gan ta a jikina.

Babanku