Kada Ku Sayi Sabon Injin

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ni ce Zinatu, yayarku. Da hankalina nake rubuta wannan, maganin safe ya sake ni, kuma ba wanda ya sa ni. Musbahu da Batulu, na san karatun Hausa yana ba ku wuya, Mama za ta karanta muku. Ni a Zariya na yi firamare kafin mu zo ƙasar Turawa, Turancina ba zai ɗauki wannan maganar ba. Likitoci sun daina magana a gabana, sai su ja Baba waje. Na gane. Ba na jin tsoro. Ba na jin komai sosai.

Malamar Islamiyya ta ce gado yana da ƙa'idarsa. To wannan roƙo ne kawai, idan Baba da Mama sun yarda.

Na ɗaya. Injin gem ɗina na wasan bidiyo, wanda Baba ya saya mini lokacin da sikila ta hana ni zuwa makaranta, na bar wa Musbahu. Ya zauna a falo inda yake. Kada ka kai shi ɗakinka.

Na biyu. Hannun gem mai kyau na Batulu ne. Musbahu, kai ka riƙe mai salatif ɗin, kai ka fasa shi. Ka daina ba ta wanda ba a jona ba kana ce mata tana wasa. Ta daɗe da ganewa.

Na uku, shi ne babba. Kada ku roƙi Baba ya saya muku sabon injin da ake talla.

Na san kana so, Musbahu. Tun da hukumar gari ta rufe youth centre, wurin wasan matasa na layinmu, ba ka da wurin zuwa, kuma abokanka duk zancen ke nan. Amma ni da nake kwance ba abin yi, na karanta bayaninsa a waya. An ce kamfanin zai sayar da injin da araha, sannan ya ci ribarsa a wasannin da kuɗin wata-wata. An ce ba zai karɓi tsofaffin faifai ba. Kowane wasa daga intanet za a sauke shi, a ɗaure shi da sunan mutum ɗaya. Ba aro, ba musaya. So suke kowane gida ya sayi nasa. Ban ga laifinsu ba, kasuwa ce. Su ba su san gidanmu ba.

Ku ƙanana ne lokacin, bari in gaya muku. Da aka rage ma'aikata a ofishin Baba har da shi, Kawu Ashafa, wan Mama, ya ce masa a gaban mutane wajen wani suna a Birmingham ya zo ya riƙe masa kanti. Kawu taimako ya nufa. Baba ya ji an tozarta shi. Tun daga ranar ba sa gaisawa, ko da Sallah.

Amma kun san halin Baba. Kayan aro ba ya kwana a gidansa sai ya kira gidan da ya fito ya ce ya iso lafiya. Duk lokacin da Inno, kakarmu, ta hau bas ɗin coach daga Balsall Heath, unguwar su Kawu a Birmingham, ta kawo mana faifan Halliru ɗan Kawu a cikin jakar kuka da daddawa, Baba yana ɗaukar waya ya kira Kawu. Ya ce faifai ya iso. Kawu ya ce madalla. Su ajiye. Ina kwance a kujera ina jin su. Kwanakin baya Kawu ya ƙara da tambayar jikina, Baba ya amsa masa har da godiya. Mama tana kicin, ta kashe famfo don ta ji.

Wasanni da yawa da na aro ban ma son su. Na ƙwallon nan ban taɓa kunna shi ba.

Na huɗu. Faifaina duka, har na tseren motar da kuke so, a ba Halliru, injinsa irin namu ne. Na san za ku ji haushina. Ku ji. In kuna son wasa, ku aro a wurinsa, ɗaya bayan ɗaya, kuma ku mayar kafin ku karɓi wani. Kada ku ɓoye wa Baba in ya iso. Ku ajiye a kan tebur inda zai gani, ko da yana warin daddawa.

Na biyar. Baba, na san Mama za ta kai nan tana karantawa kana zaune. Ban taɓa iya yi maka magana ido da ido ba. Ka yafe mini dabarar da na yi. Ranar da abin ya faru, kada ka bar Mama ta kira wanta. Kai ka kira shi.

Allah ya yi muku albarka, ya raya ku, ya ba ku lafiyar da ban samu ba. Ku yi wa Mama wanke-wanke ba sai ta ce ba. Ku riƙe gidan Kawu, ku riƙe juna. In injin ya lalace, ku kai gyara.

Yayarku,
Zinatu
Moss Side