Ya shafe sunan gilashin da na saya masa

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Maigidana mai hoto ne, amma da irin babbar kyamarar nan mai ƙafa uku yake aiki, wadda sai mutum ya lulluɓa da baƙin ƙyalle kafin ya ga abin da zai ɗauka. Masu zane ke kawo masa zanensu, yawanci a cikin firam mai madubi, ya ɗauka musu. Gilashin kyamarar ya yi hazo a ciki, ya ƙi gyaruwa. Mutumin nan ya rame a tsaye, kullum yana zaune a shago yana goge abin da ba ya goguwa.

Ni tela ce, ban san komai a harkar ba. Na tambaya har na sami wani dattijo mai sayar da tsofaffin kayan hoto. Ya ajiye mini gilashi biyu, kamar tagwaye. Ɗaya da sunan babban kamfani, ɗaya da sunan wani kanti da ban taɓa ji ba. Ya ce masana'anta ɗaya ta ƙera su, kantin ne ya sa aka buga sunansa, shi ya sa ya fi sauƙi. Na ɗauki mai sauƙin ina murna.

Baban yara ya karɓa, ya juya shi, ya yi godiya, shi ke nan. Rannan na kai masa abinci shago, na ga gilashin a kan kyamara, amma ya bi farin rubutun sunan da baƙin fenti ya shafe tas. Kunyar kyautar tawa yake ji? Ko dattijon ne ya yi mini wayo, shi kuma ya rufa mini asiri? To in jabu ne, me ya sa yake aiki da shi? Na kasa tambaya, shi kuma ba mai magana ba ne. Yanzu ina tunanin in sayar da keken ɗinkina in sayo mai sunan babban kamfanin a ɓoye. Har na sami mai saye.

Tela mai ruɗani

Ƙanwata, ki fara sallamar mai sayen keken nan tukuna.

Maganar dattijon ba tatsuniya ba ce. Ana yin haka: masana'anta ta ƙera gilashi, wani kanti ya sa sunansa, kuma masu hankali a sana'ar sukan neme shi don rahusa. Ba kowanne ne ke da kyau ba, amma mai hoto ba ya ɗora aikin mutane a kan gilashin da bai yarda da shi ba.

Fentin kuma yana iya zama abu biyu. Kin ce zanen da yake ɗauka yana bayan madubi. Farin rubutu a fuskar gilashi yakan yi haske a madubin, ya fito a hoto, don haka wasu ke shafe shi. Yana iya yiwuwa kuma gorin abokan sana'a yake gudu, don maza ma suna da nasu ƙananan alfahari. Ko da hakan ne, sunan kanti ya ɓoye, ba ke ba.

Laifinsa, ya karɓi kyauta ya yi gum. Naki, kina shirin sayar da sana'arki saboda tambayar da ba ki yi ba. In kika sayo na biyun, za ki dawo gida da gilashi iri ɗaya sau biyu, babu keke.

Ki same shi a shago, ki ce ya koya miki kallo a ƙarƙashin ƙyallen nan. Kuna ciki ku biyu, ba mai ganinku, sai ki tambaye shi. Allah ya ƙara muku fahimta, ya sa albarka a sana'o'inku duka biyu.