Unguwar Gwaggo a Taswirata

Litinin, 3 ga Maris

Darakta ya ce yana son taswirar da za ta nuna unguwannin da suka fi hawa bas ɗinmu, kafin taron hukumar sufuri. Ni ya ba aikin, ba injiniya ba. Na ɗora alƙaluman fasinjoji a shafin zana taswira na intanet, nan take gari ya fito mini unguwa-unguwa. Shuɗi na zaɓa: mai duhu inda fasinja ya yi yawa, mai haske inda babu. Gaskiya ta yi kyau. Har hotonta na ɗauka a waya.

Talata, 4 ga Maris

Unguwar Gwaggo, ta bayan masaƙa, ta fito kusan fara fat.

Na tsaya ina kallo. Mutanen can ba su da yawa, amma wa ke da mota a cikinsu? Sai na danna inda ake raba fasinjoji da yawan mazauna unguwa. Ai kuwa ta rikiɗe, ta fi ko'ina duhu. Wato kusan kowa a can bas yake hawa. Ina cikin haka Darakta ya leƙo, ya ce, "A'a, mai da mini ta jiya, ta fi fita a majigi." Na mayar.

Alhamis, 6 ga Maris

An tafa mini a taro. Shugaban hukuma ya tambayi wa ya zana, Darakta ya nuna ni. Na dawo gida ina ta ba Abban yara labari har ya ce in bar shi ya ci abinci.

Asabar, 8 ga Maris

Gwaggo ta zo kamar yadda ta saba duk Asabar, da jakarta mai yagaggen hannu. Ta yi wa yara kitso, ta yi mini faɗan gishiri ya yi yawa. Ita ta raine ni bayan rasuwar Umma, amma har yau ita ke zuwa wurina. Na nuna mata taswirar a waya. Ta ƙanƙance ido ta ce, "To ina gidana a nan?" Na nuna. Ta ce, "Mu ne farare tas, masu tsafta." Muka yi dariya.

Laraba, 26 ga Maris

An soke layukan bas uku. Na bayan masaƙa na ciki. A takardar sanarwar cikin gida, taswirata ce a shafin farko.

Asabar, 5 ga Afrilu

Gwaggo ba ta zo ba. A waya ta ce gwiwa ce, kuma daga gidanta zuwa babban titi tafiya ce mai nisa, masu babur sun tsauwala. Ƙaramar 'yata ta zauna da tsefaffen kai tana jiran ta har la'asar.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na buga ɗaya taswirar na kai wa Darakta, na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara, ban ce bai saurara ba. Ya ce, "Me ya hana ki faɗi wannan tun farko?" Na so in ce ai kai ka ce in mayar. Amma shi launi ya gani, ni ce na san abin da launin ke nufi. Ya ce motocin an riga an raba su ga wasu layuka, sai dai a duba baɗi.

Baɗi.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na je da kaina. Na sauka a babban titi na taka, don in gani. Takalmina ya ci ƙafata kafin in kai katangar masaƙa. A shafin intanet wannan tazarar ba ta kai faɗin farcena ba.

Na tarar da maƙwabta a tsakar gidan Gwaggo, ashe ta gaya musu ina zuwa. Tela ya ce 'yarsa ta bar zuwa koyon aikin jinya, ba za ta iya kai da komowa ba. Wata tsohuwa ta ce ranar ganin likitanta ta wuce. Gwaggo ta dafa kafaɗata tana cewa, "Ga 'yata nan, a ofishin take. Ita ce ma mai zana musu garin a kwamfuta. Za ta gaya musu." Tela ya ce, "Don Allah, Hajiya, ki nuna musu akwai mutane a nan."

Na ce in sha Allahu. Ruwan da aka kawo mini ma ban iya sha ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Abban yara ya ce ba ni na soke layi ba, in daina zargin kaina. Na sani. Bai taimaka ba.

Talata, 22 ga Afrilu

Na rubuta wa hukuma, na haɗa da taswira ta biyu da sa hannun mutanen unguwa. An karɓa, an buga hatimi. Shiru.

Alhamis, 8 ga Mayu

Sabon aiki: taswirar tashoshin da za a rage. Na zana biyu, na manna su gefe da gefe a shafi ɗaya, yadda ba za a iya nuna ɗaya a bar ɗaya ba. Darakta ya ce ta cika cunkoso, in cire ta dama. Na ce, "Yallaɓai, sai dai a ba wani ya cire." Injiniya ya daina taɓa kwamfutarsa. Darakta ya ce in bar ta a kan tebur.

Ban san me ya shiga kaina ba. Wataƙila gajiya ce. Ba na jin za a sake kirana in tsaya gaban majigi, kuma na lura ban damu sosai ba.

Gobe zan tashi da wuri, maganin gwiwar Gwaggo ya ƙare.