Kofin Gahawar da Ya Kusa Maido Ni Gida

Zuwa ga Yaya Mariamou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafar nan. Ni ma lafiya lau a nan Riyad, sai zafin rana.

Yaya, saura ƙiris ki gan ni a ƙofar gida da jakata! Kwantiragina ya ƙare, in ban samu sabon kafili ba, wato ubangidan da zai tsaya mini, sai gida. To wani mai shagon gahawa a unguwar Dira ya ce in yi masa gwajin mako guda. Na shiga ina taƙama, ni da na yi shekara bakwai ina ɗaukar faranti a tsohon gidan abincin Faransawa na bakin kogi a Yamai, wanda tun kafin a haifi Baba ake shan kafe a barandarsa. Can aka koya mini a cika kofi, a ajiye, a ja da baya.

Rana ta uku mahaifin mai shagon ya zo, tsoho mai sanda. Na ce yau zan nuna gwaninta, na cika masa ɗan kofin nan fal. Tsohon ya kalli kofin, ya kalle ni, ya ɗauki sandarsa ya fita. Jibrin, ɗan Katsinan da muke aiki tare, ya riƙe kai ya ce na kashe kaina. Ashe a nan kaɗan-kaɗan ake zubawa don baƙo ya daɗe ana hira. Cika kofi kora ce, wai sha ka tashi.

Na bi tsohon a guje da buta a hannu, na tare shi a bakin kasuwa. Da guntun Larabcina na rantse masa cewa a wurinmu wanda ake girmamawa shi ake cika wa. Ya yi dariya har da hawaye, ya dawo, shi da kansa ya koya mini: buta a hagu, kofi a dama, kada in daina ƙari sai baƙo ya girgiza kofin. Ya ce wa ɗansa bai taɓa ganin wanda ya kori mutum sannan ya bi shi da buta ba, kada ya kuskura ya sake ni.

Mai shagon ya ɗauke ni aiki, jiya sabuwar iƙamata, wato takardar izinin zama, ta fito. Ki gaida Zaituna da Rukayya da auta Lailatu. Ki lallashi Inna, bana ma ba za ta gan ni ba. Ina kewarta sosai, amma da murna nake rubuta wannan.

Ƙaninki,
Mu'azzam