Abin da Muka Ciro Daga Injin Wancan

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina fata Allah Ya yalwata miki makwanci.

Inna, shekara bakwai ke nan rabona da Bauchi, biyu daga ciki ba kya duniya. Ina nan Aljeriya inda kika san ni, ina ɗaukar bulo, kuma har yau ba ni da takardar da za ta bar ni in zo in koma. Ko kina raye sai an karanta miki wannan. Na rubuta ta ne a nan inda mutane ke gani, don ba ni da wani wurin da zan ajiye ta.

An sayar da gidanmu na Wunti. Sadiƙu zai koma Tirwun da iyalinsa, ya samu ɗaki biyu. Ban yi gardama ba, shi ya zauna da ke, shi ya kai ki asibiti, shi ya shiga kabari ya karɓe ki. Ni waya na riƙe. Da suna kwashe kaya ne ya kira ni ya ce sun kai kan kwamfutar da ke ɗakinki, yaya za a yi da ita.

Kin tuna ta. Ita kaɗai ta rage daga shagon buga takardun da na buɗe ya mutu. Da zan tafi na ajiye ta wajenki, kika ɗinka mata mayafi mai fulawa kamar wata langa, kina kaɗe ta duk safiya. Sadiƙu ya ce sau biyu masu sayen tsofaffin kaya suna taya ta, kina cewa, "Ba a sayar da kayan matafiyi." Sunanta a bakinki injin wancan. Wancan ɗin ni ne. Ɗan fari ne ni, ba ki taɓa kiran sunana ba. In baƙi suka zo sai ki ce yayan su Sadiƙu. In abinci ne sai ki tura yaro ya ce wai a zo a ɗauka. Haka na tashi na gani a gidaje da yawa, ban taɓa ɗaukarsa ƙi ba.

A cikin injin nan duk hotunan bidiyon gidanmu suke. Dawowar Baba daga Hajji, bikin Sadiƙu, sunan 'yarsa ta fari, da waɗanda ya ɗauka da wayarsa bayan na tafi. A cikinsu akwai ɗaya da ban taɓa gani ba. Sallar farko da na yi a nan, Sadiƙu ya ɗauke ki kina yi mini barka da Sallah. Ya yi nauyi, ya ƙi turuwa, sai ya zuba shi a kwamfutar, wayar kuma daga baya ta faɗa ruwa. Ya ba ni labari yana dariya, wai kina cikin sa mini albarka sunana ya suɓuce miki, kika rufe baki da gyale kika ce ya kashe abin nan. Shi ya manta da zancen. Ni ban manta ba, kuma ban sake tayar masa da shi ba.

Da ya kunna ta, ta tashi, amma akwai wani ƙas-ƙas da take yi daga ciki. Na sa ya kara mini waya na ji. Rumbun ajiyarta ne ke mutuwa. Irin wannan ƙarar in ta fara, duk kunnawa tana iya zama ta ƙarshe. Ramukan sa filash sun ƙone tun ranar da aka kawo wuta da ƙarfi, wadda ta tafi da firjinki. Hanya mafi sauƙi ita ce a cire rumbun a kai shago a kwashe. Sadiƙu ya ce sam. Matan gida ne a ciki, wasu ko ɗankwali babu, ke ma kina ciki da ɗaurin ƙirji kina wanke shinkafar biki. A shago yara ne ke zaune suna tura wa mutane finafinai, ba ka san abin da za su kwafa ba in ka juya baya. Gaskiyarsa ce. Sai ya zama dole a yi aikin a gida, a sa mata abin buga faifai, wanda masu gyara ke kira raita, a kwashe komai a faifan DVD. Dama Gwaggo Asabe can Inkil ba ta da babbar waya, sai talabijin da injin kallon faifai.

Ni da na yi shekaru ina kwance irin waɗannan injuna da hannuna, sai ga shi ina zaɓen raita da hotunan da ake turo mini.

Sadiƙu bai jira ni ba da farko. Ya shiga kasuwa ya sayo sabuwa dal a kwalinta, wai ba zai sa wa abin da ya shafe ki tsohon kaya ba. Da ya buɗe cikin kwamfutar sai ya ga ba inda za ta shiga. Sababbin siririyar waya gare su. Tamu irin ta da ce, mai faffaɗar waya ruwan toka kamar ɗamara, mai haƙora da yawa. Na yi masa faɗa fiye da yadda abin ya kai. Daga baya na kira na ba shi haƙuri.

Mai shagon ya ce ba ya mayar da kuɗi, amma zai canza masa. Ya so ya ba shi irin wadda ake jonawa ta waje, na ce ina za a jona ta, ramukan sun mutu. Sai ya zaro masa na hannu guda uku daga ƙarƙashin tebur, duk masu faffaɗar waya. Na sa Sadiƙu ya ɗauko mini fuskar kowace. Ta farko mai tsabta ce, amma karatu kawai take, ba ta rubutu, don babu alamar rubutu a goshinta. Ta biyu tana rubutu, sai dai faifan CD ne, wanda bidiyon biki ɗaya ma ba zai ɗauka ba. Ta uku ta yi rawaya don tsufa, bakinta sai an zura allura yake buɗewa, amma tana buga DVD. Na ce a gwada ta a gabansa da faifai sabo, a buga wani abu, a kunna a gani. Ta buga. Na ce ita za ka ɗauka. Mai shagon bai cuce mu ba, ya ma gyara masa ɗan maƙallin da ke bayanta don kada ta yi rikici da rumbun.

Na gaya wa Sadiƙu sauran. Kada ya dogara da wutar gari, ya ari janareto. Ya sayi faifai masu kyau, ya buga a hankali a kan gudu mafi ƙanƙanta, don tsohuwar raita ba ta son gaggawa. Kada ya tsaya kallon komai, kada ya kashe ya kunna. Duk na faɗa masa. Abu ɗaya ne ban faɗa ba.

Ranar aikin Gwaggo ta hau keke napep tun daga Inkil ta zo ta zauna a kan tabarma. Ta ce a fara mata da dawowar ɗan'uwanta daga Makka. Wa zai ce wa Gwaggo a'a? Sadiƙu ya tambaye ni ta waya ko akwai wanda nake so a gabatar. Ina tsaye a bayan gini da siminti a hannuna. Na buɗe baki in ce ka fara da na Sallar nan, wanda Inna ta faɗi sunana. Inna, ya ƙi fita. Ƙanena ne, ga Gwaggo tana ji. Namiji mai furfura a gemu ya ce a nemo masa inda uwarsa ta kira shi. Sai na ji kaina ina cewa ya bi su a jere kawai, daga na farko.

Na Sallar yana can kusa da ƙarshe.

Raitar ta yi aikinta, ban da abin da zan ce da ita. Faifai na farko ya fita, na biyu ya fita. Ɗaya ya lalace a tsakiya aka sake. Bayan la'asar ƙarar ta ƙaru, hoton ya tsaya cak. Sadiƙu ya jira, ya jira, ya kashe ya kunna. Baƙin allo da farin rubutu. Washegari ya haƙura ya cire rumbun ya kai shago, ya tsaya a kansa. Suka jona, ko juyawa bai yi ba.

Da ya gaya mini na ce to, Allah Ya sa haka ya fi alheri. Na koma na ci gaba da ɗaukar bulo. Ina ta jira in ji wani abu a raina, har yau shiru. Haka na yi ranar da aka ce kin rasu, na gama yinin aikina aka biya ni.

Wani zai ce shekara nawa abin yana ajiye, me ya hana ka ce a kunna maka tuntuni. Abin da ya hana ki faɗa shi ya hana ni tambaya. Ba na ganin laifin Gwaggo, ɗan'uwanta take son gani. Ba na ganin na Sadiƙu, ya tambaye ni. Ke ma ba na ganin naki. A wajenki na koya, kuma na koya da kyau.

Sadiƙu ya kunna faifan a talabijin ɗin Gwaggo ya ɗauko mini kaɗan da waya. Akwai wuri a bikinsa da nake riƙe da kyamara, na shigo tsakar gida. Kina ganina kika juya baya kika kama gyaran murhu. Amma kafin ki juya kin tura wani kwano da ƙafa ƙarƙashin benci, inda yara ba za su gani ba. Na tuna kwanon. Naman da na ci a daren ne. A lokacin ban san wa ya ajiye ba.

Mayafin da kika ɗinka yana wajen Sadiƙu, na ce kada ya bayar. Injin kuwa na ce ya sayar. Matafiyin ya yarda.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Allah Ya gafarta miki, Ya haɗa ki da Baba a inuwa ɗaya. Allah Ya saka wa Sadiƙu da alheri a kan abin da ya ɗauka shi kaɗai. In da rabon mu gana a can, ba sai kin kira ni ba, ki turo a ce wai a zo, zan gane.

Ga abin da muka ciro. Faifai huɗu. Bidiyo goma sha ɗaya cikin talatin da wani abu. Kina cikin biyar. Kin yi magana a biyu. Sunana babu.

Naki,
Wancan.