Gidan Malam Illa a Bakin Dogo

Daga yayarka Hannatu, zuwa ga ƙanena Ayuba.

Kada ka sake aiko wa yarana abin wasa ba ka tambaye ni ba. Bayan haka, ina gaisuwa. Yaya Rahila da yara, yaya aiki a Kano? Mu nan Madawa lafiya.

Jirgin ƙasan wasa da ka aiko wa Dauda ya jawo magana. Ya shimfiɗa dogonsa bayan ɗaki, ya yi tasha da kwali da karan dawa. Sannan ya kwaɓa laka ya gina gidan maƙwabcinmu Malam Illa, har rumbunsa mai tsaga. Malam ya leƙo ta kan darni ya gani, ya ce, "Uwar Dauda, me na yi muku za ku ɗaure mini gida?" Ya ɗauka sammu ne. Shekara tara muna shan rijiya ɗaya, ranar matarsa ba ta amsa gaisuwata ba.

Na sa Dauda ya kai masa gidan a faifai, ya durƙusa ya ba shi haƙuri. Malam ya narkar da shi da ruwan buta, ya ce ya wuce.

Ka gaida Rahila, ku sa mu cikin addu'a. Na kuma kafa doka: ba wanda zai sake gina gidan wani, komai ƙanƙantarsa, sai ya je ya yi sallama ya nemi izinin mai shi.